Rasuwar Rufin Jar Motar Papa Dansou

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda bai huce ba kuma ba a da niyyar ya huce, iyalan Papa Dansou na unguwar Akpakpa a Kwatano ke sanar da rasuwar Rufin jar motarsu. Ya cika ranar Juma'a da hantsi a garejin Zinsou mai gyaran wutar mota, mijin ƙanwar Papa. Da gangan aka ambaci sunan.

Marigayin ya sauka daga jirgin ruwa shekara goma sha bakwai da suka wuce, kuma bai taɓa ba kowa kunya ba. Ana taɓa maɓalli sai ya ce "ziiii", ya naɗe kansa ya kwanta a but ɗin bayan mota, ya rufe da "kak". Hadari na haɗowa ya miƙe kafin ɗigon farko ya faɗi. Amare sun fi ɗari biyu da ya raka coci, ba wadda ya bari ta jiƙe. Abin taƙamar Papa ke nan a duniya, kuma tun 'yarsa Ayaba tana firamare ya yi mata alkawarin a motar nan zai kai ta ranar aurenta.

Ranar Alhamis, saura kwana biyu bikin Ayaba, aka danna maɓalli marigayin ya ƙi motsi. Sai "ɗin, ɗin, ɗin" da wata 'yar fitila tana ƙyaftawa. Papa ya so ya kai shi wurin Madam Senami mai na'urar karanta cutar mota, amma mutanen gida suka taso shi gaba, wai abin kunya ne a kai aiki waje ga suruki a zaune.

Zinsou bai san mitar gwajin wuta ba. Waya yake kartawa a jikin ƙarfe, in ta yi tartsatsi ya ce lafiyarta ƙalau. Ya zargi batir, ya zargi maɓalli, ya feɗe wayoyi goma sha uku, sannan ya zare fis ya cusa ƙusa a gurbinsa. Da Papa ya yi magana sai ya ce, "Yaya, je ka sha inuwa. Fis ai na matsorata ne, ni wuta ta san ni." Ya jona injin rufin da batir kai tsaye. Marigayin ya yunƙura bisa tilas, ya kai rabi, ya ce "gurrr", hayaƙi ya tashi. Daga nan ba a sake jin muryarsa ba, ya ƙage a sama, bai buɗe ba bai rufe ba.

Ranar Asabar Ayaba ta ƙi shiga wata mota, ta ce alkawarin babanta ne. Suna kan gada ruwa ya kece. 'Yan acaɓa suka bi su da ihu da dariya har ƙofar coci, ta shiga da farar riga manne a jiki, kwalliya tana zuba. Wannan ne ya fi cin ran Papa.

Litinin aka kai gawa wurin Madam Senami. Ta jona na'urarta, ko minti biyar ba a yi ba ta zaga ta buɗe but. Ta ce, "Papa, wa ya danna wannan buhun a nan? Ai rufinka lafiya lau yake kafin a ƙona masa inji. Akwai ɗan makunni a nan, in an tare wa rufin makwanci ba ya yarda ya buɗe. Gaya muku yake ta yi da wannan 'ɗin, ɗin' ɗin."

Buhun garin rogo ne daga Savalou, gudummawar Zinsou ta biki. Da hannunsa ya tura shi ciki ranar Laraba, har yana sa gwiwa. Ashe shi ya sa ciwon, shi ya yi jinya, shi ya ƙarasa.

Marigayin ya bar taya huɗu, rediyo da ruwa ya dusashe wa murya, kujeru masu warin danshi, da Papa Dansou wanda ya daina amsa gaisuwar surukai. Masu zuwa ba shi haƙuri su riƙe abinsu, ba ya buƙata.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa, ko duk ranar da hadari ya fi haɗuwa. An buga anko da hoton marigayin, kuma 'yan badujala za su tsaya ƙofar garejin Zinsou su busa har masu kawo gyara su tambayi dalili. A nan za a rataye ƙonannen injin tare da ƙusar. Abincin baƙi garin rogon nan ne, ba suga ba gyaɗa.

An keɓe wa Zinsou kujerar baya, daidai inda amarya ta zauna. Papa zai tuƙa da kansa a hankali, a haye gada sau uku. Ana roƙon jama'a kowa ya zo da lemarsa, kuma kada wanda ya ara wa Zinsou.