Yadda Ake Kai Mage Zariya Daga Anaca, Bisa Tsarin Alhaji Idi

Idan kana zaune a Fegge ko wata unguwar Hausawa a Anaca, kuma ƙaddara ta ɗora maka kai mage Arewa a mota, kwantar da hankalinka, ka zo wurin masana. Matakan nan an gwada su, kuma tabbas magen za ta isa lafiya lau, ko gashi ɗaya ba zai ragu a jikinta ba. Tabbacin na mage ne. Maganarka kai kuma sai mun zo ƙarshe.

Tsarin na Alhaji Idi ne, falken shanu, wanda ya yi furfura yana sauko da su daga Arewa zuwa mayankar Anaca. Duk wanda ya taɓa zama a bencin mai shayin layinsu ya ji daga bakinsa cewa ko maraƙi bai taɓa salwanta a hannunsa ba. 'Yarsa Na'ima, haifaffiyar Fegge, an kai ta Zariya gidan mijinta Musaddiq bayan ƙaramar salla. Auren so ne, mijin kuma ba shi da laifi, amma garin ya ƙi karɓarta. Ba ta san kowa ba, kuma da ta buɗe baki dangin miji sai dariya, don Hausarta da "abeg" take fitowa. Har ta daina fitowa tsakar gida. In ta kira uwarta Rakiya, kuka ne farko kuka ne ƙarshe, kuma abu ɗaya ta roƙa: a kawo mata magenta, Chichi. Alhaji ya karɓi wayar ya ce ta share hawayenta, shi da kansa zai kawo.

Mataki na 1: Raina aikin

Wannan shi ne tushe. Kafin ka taɓa magen, je wurin mai shayi ka sanar da jama'a cewa mutumin da ya yi dakon bijimai masu ƙaho kamar reshen kuka ba zai tsaya shawara a kan abin da bai kai cinyar ɗan akuya ba. Haka Alhaji ya yi, har da ɗaga kofi. Ko sunan magen bai yarda ya kama ba, wai dattijo mai zuwa sahun gaba ba ya cewa Chichi. "Abin nan" yake ce mata.

Mataki na 2: Kada ka saurari matarka

Za ta yi shiri, ka bar ta ta yi. Rakiya ta samo kwali mai ƙwari daga kasuwar Ochanja, ta huda shi ta ko'ina, ta shimfiɗa tsohon zanin Na'ima a ciki, ta rubuta lambar Musaddiq a jiki kamar yadda ake yi wa kowane sallahu. Sannan ta yi masa magana ɗaya, ta maimaita har bakin ƙofa: komai ya ji, komai bai ji ba, kada ya buɗe kwalin sai a ɗakin Na'ima.

Alhaji ya ce ya ji. Ka lura da wannan "na ji" ɗin, irin wadda ake yi wa mai wa'azin cikin mota ce. A ransa mamaki yake, wai matar da ba ta taɓa kwana a bayan tirela ba ita ce za ta koya masa tafiya da dabba. Ya cusa guntun igiyar shanu a aljihun babbar riga, don ɓacin rana.

Mataki na 3: Shiga mota kamar ba ka ɗauko komai ba

A tashar bakin gada, samu motar Sharon mai zuwa Zariya, ka zauna bakin ƙofa, kwali a kan cinya. In an tambaye ka, ce tsaraba ce. Miƙa wa direba wayarka ya sa maka caji, don babban mutum ba ya tafiya da waya a mace. Direban Alhaji wani Sagiru ne, mai ƙarancin magana. Kusa da Alhaji kuma wata Madam ce, 'yar kasuwa Inyamura mai kai busasshen kifi Kaduna, ta cika kujerarta ta ɗan ci tasa.

Ba su gama haye gada ba tsarabar ta yi kuka.

Madam ta dafe ƙirji. "Alhaji, wetin dey inside that carton?"

Alhaji ya ce mage ce, ta 'yarsa. Madam ta ce ita a garinsu ba a tafiya da mage a mota, ba a ma son haɗa ido da ita, ta fara addu'a da ƙarfi, ta janye buhun kifinta zuwa ɗaya gefen. Sagiru ya kalli madubi ya ci gaba da tuƙi.

Mataki na 4: Mai da kukan darasi

Magen za ta yi kuka daga Asaba har Auchi, irin kukan da ke shiga haƙori. Fasinjoji za su fara tsaki. Kada ka ba da haƙuri, ilimi za ka ba su. Alhaji ya bayyana wa motar, da Hausa da guntun Turancin kasuwa, cewa dabba mai kuka dabba ce mai rai, kuma shi kukan nan daɗi yake masa. Ya ba su tarihin wani bijimi da ya yi kuka tun daga Mubi. Babu wanda ya tambaye shi, amma masani ba ya jiran tambaya.

Mataki na 5: In ta yi shiru, tsorata

A nan gwanintar take, don haka buɗe kunnenka.

A sana'ar su Alhaji akwai doka ɗaya da ba a wasa da ita: dabba ba ta kwanciya a hanya. Saniyar da ta kwanta a tirela, 'yan'uwanta za su tattake ta kafin a kai gari na gaba. Shi ya sa masu rakiya ke zama a saman mota, da sun hango wadda ta durƙusa sai su sauka su murɗe mata wutsiya har ta miƙe. Wannan dokar ta shiga jinin Alhaji tun yana saurayi, kuma ita ta tsare masa dukiya shekara da shekaru.

Bayan Okene, Chichi ta gaji da kuka, ta shaƙi ƙanshin zanin uwar ɗakinta, ta naɗe ta yi barci. Motar ta samu lafiya. Madam ma ta fara gyangyaɗi. Mutum ɗaya ne hankalinsa ya tashi. Alhaji ya leƙa ta hujin kwalin ya ga abin nan a kwance, ya girgiza kwalin bai ji motsi ba, sai gumi ya karyo masa. Muryar Na'ima yake ji a kunnensa, yana tunanin da wane baki zai ce mata ta mutu a kan cinyarsa. Tsoro ne na gaske ya kama shi, tsoron uba. Abin takaicin shi ne maganin da ya sani guda ɗaya ne tak.

Mataki na 6: Buɗe kwalin a Lakwaja

Kada ka buɗe a daji inda ba kowa. Jira sai an tsaya cin abinci a Lakwaja, inda motoci ke fake, masu soyayyen kifi na kai da kawo, ƙofar mota kuma a wangale. Nan Alhaji ya kwance ɗaurin Rakiya, ya zura hannu, ya laluba wutsiya, ya yi bisimilla ya murɗa.

Dabbar ta miƙe, wannan kam ba a musu. Ta miƙe ta bi ta hannunsa, ta bi ta gemunsa, ta tsage masa hanci, ta tuntsurar da hula, sannan ta ɓace. Madam ta yi ihun da ya tsayar da masu alwala. Alhaji ya rantse da idonsa ya ga wucewarta ta ƙofa ta nufi rumfunan kifi.

Mataki na 7: Sallami motar

Za a taya ka dubawa na ɗan lokaci, a leƙa ƙarƙashin motoci, sannan fasinjoji su fara kallon rana. Sagiru ya ce, cikin ladabi, Baba a yi haƙuri a tafi, mage ba ta ƙarewa a Zariya, a samar wa yarinya wata. Wannan ita ce maganar da ba za ka yafe ba.

"Ni dabba ba ta taɓa ɓata a hannuna ba," in ji Alhaji, jini na ɗiga a gaban rigarsa. "Ku tafi. Jakata ka sauke ta a lambar da ke jikin kwalin nan."

Kwalin ma ya ce a tafi da shi, ai shi ya jawo komai, da igiya zai taho da ita kamar kowace dabba. Motar ta tashi da jakarsa da kwalinsa, da wayarsa a jikin caji. Bai tuna da wayar ba sai da motar ta ɓace masa.

Mataki na 8: Kama sunan

Yanzu zagaya rumfunan kifi da igiyar shanu a hannu. Da farko Alhaji "ke, ke" yake cewa. Da rana ta yi sanyi sai ya sassauta, ya duƙa a bayan wata rumfa, babbar riga na jan ƙasa, ya ce a hankali, "Chichi." Kafin magariba yana faɗa da ƙarfi, har mata masu suya suna taya shi suna dariya. Maguna sun fito kam, Lakwaja ba ta rasa su ba, amma babu tasa. Lambar kowa kuma ba ya riƙe da ita a ka. A masallacin tasha ya kwana.

Mataki na 9: Isa, ko ta halin ƙaƙa

Da safe wata tirelar shanu da ta sauke kaya a Kudu ta tsaya, direban ya san shi. Gaba a cike yake, don haka a baya aka sa shi, inda shanun ke tsayawa, cikin abin da suka bari. Duk tsawon hanya yana tsara yadda zai faɗa wa Na'ima, yana rushewa.

Ya yi sallama a gidan Musaddiq yana wari, hanci a kumbure, igiya a hannu. Tsakar gida cike da mata, surukar Na'ima da ƙannen miji da maƙwabta. A tsakiyarsu Na'ima ce zaune, Chichi a kan cinyarta tana barci a kan tsohon zani.

Ashe ko ƙofar ba ta fita ba. Ƙarƙashin kujera ta shige, bayan buhun Madam, ta yi abin da ta yi wa kifin, da mota ta yi nisa ta koma kwalinta. Da Sagiru ya gan ta a ciki, ya kira lambar Alhaji da ke takardar fasinjoji, wayar ta yi ƙara a gabansa. Sai ya kira ta jikin kwali, ya sauke sallahu kamar yadda aka saba.

Na'ima ta miƙe da gudu ta riƙe hannun ubanta, ta ga tsagar, ta fashe da kuka, don jiya ba ta runtsa ba, ita da Rakiya suna ta waya. Da ta share ido ta dube shi sama da ƙasa.

"Baba, ita tun jiya ta iso. Abeg, kai wa ya kawo ka?"

Gidan ya kwashe da dariya, kuma karon farko ba ita ake yi wa ba. Tun safe matan ke zaune suna sa ta maimaita labarin da Sagiru ya bayar, da Hausarta ta Fegge, babu mai gyara mata. Aka shimfiɗa wa Alhaji tabarma a zaure, ya zube, ko takalmi bai cire ba. Musaddiq ya zo zai tashe shi ya ci abinci, Na'ima ta tare shi ta ce a bar shi, a gidan nan wanda ya kwanta ba a murɗa masa komai.

Gargaɗi

An yi maka alkawarin mage za ta isa, ta kuwa isa. Hancinka, hularka, kifin Madam, mutuncinka a bencin mai shayi, da abin da matarka za ta faɗa in ka koma Fegge, duk babu ruwan mai wannan rubutu. Mai ƙorafi ya nemi Alhaji Idi. Yana nan inda ya saba zama, sai dai yanzu in an kawo zancen dabbobi, shayinsa kawai yake sha.