Ranar da Mama Ta Ba da Shaida a Kan Bincikena

Abubuwa da yawa sun shige mini a shekarun da na yi ina jan karatun dokta, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da mahaifiyata ta karɓi makirufo a tsakar gidanmu na Kagoro ba. Har gobe in na ji mace ta ce "Yabo ga Ubangiji" a lasifika, sai in fara neman ƙofar fita.

Fiziks nake koyarwa a wata kwaleji a Kafanchan. Na shiga karatun dokta da baƙin gashi, furfura ta riske ni a ciki. Yau yajin aiki, gobe babu wuta, jibi ɗakin gwajin da babu abin da ke motsi a cikinsa sai fanka. Wasu da na koyar ma sun riga ni gamawa. A gida kuwa tuni ake kirana Dokta (da ina hanawa, daga baya gajiya ta sa na fara amsawa). Ƙarshe dai jami'a ta ba ni wa'adi: ko in kawo sakamako a wannan zangon, ko a cire sunana.

Bincikena a kan citta ne, tunda ita Allah ya hore mana a wannan yanki. Tunanina shi ne, in aka tsoma ƙarfe a tataccen ruwan citta, wani siririn rufi zai zauna a kansa ya hana shi tsatsa. Na yanka ƙarafa ƙanana kamar kwabo, na goge su har ina ganin fuskata a ciki, na tsoma, na shanya. Sai na kai wa Farfesa mai duba aikina, wani dattijo Bazazzagi da ke auna magana kafin ya sake ta. Ya juya takarduna ya ce, "Malam, ka ce akwai rufi a kan ƙarfen. Wa ya gan shi?"

Babu wanda ya gan shi, domin ido ba ya ganin abu mai sirantaka haka. Sai da wata na'ura, wadda ba mu da irinta. Ana sa ƙarfen a cikin wata tukunya da aka zuƙe iskar cikinta kaf, sannan a riƙa harba masa ƙwayoyin iskar heliyam masu ɗauke da caji, waɗanda muke kira ayon. Suna bugunsa su dawo. In ƙwayar zarra mai nauyi suka buga, irin ta ƙarfe, sai su dawo da ƙarfinsu. In mara nauyi ce, su dawo a raunane. Kamar ka jefa tsakuwa kan rufi ne: na kwano zai yi tsalle da ita, na ciyawa ya lafe da ita. Har ma tana iya faɗa maka inda ɗan maganaɗisun da ke jikin ƙwayoyin ƙarfen ya fuskanta. Amma abin da ke can saman sama kaɗai take gani, layin farko, ba ta leƙa ƙasa. Shi ya sa ko yatsa ka ɗora a kan ƙarfen, labarin yatsanka za ta ba ka.

Farfesa ya yi ta faɗi-tashi har ya samo mini gurbin 'yan makonni a wani ɗakin bincike a ƙasar waje. Sai na zama ɗan sandan ƙarafan nan. Safar hannu nake sawa, da ɗan hantsaki nake ɗaukarsu, kowanne da ledarsa. Masu citta na jera su a wani kwanon roba mai murfi, marasa citta, waɗanda zan kwatanta da su, na sa a jakar hannuna. Ɗalibaina sun ji huɗuba a kan kada a taɓa. Abokan aikina sun ji. Matata ta ji har ta haddace. Mutum ɗaya ne ban yi wa ba.

Ana gobe tafiya na je Kagoro sallama. Mama ta gan ni rungume da kwanon, ta ce, "Mene ne wannan kana riƙe shi kamar jariri?"

Na ce, "Kayan makaranta ne, Mama, ba za ki gane ba."

Ta ce, "To."

Na ajiye kwanon a kan teburin falo, na hau acaɓa na tafi aski, don kada in shiga ƙasar mutane da kai kamar sheƙar tsuntsu.

Can ƙasar, sanyi ya ci ni, abinci kuma babu yaji. Wadda ke kula da na'urar wata doguwar mace ce mara yawan magana. Da ta sa ƙarafan masu citta a tukunya, iska ta ƙi zuƙuwa da wuri, kamar akwai abin da ke ta fitar da tururi a ciki. Ta dube ni ta ce, "Ka tabbata babu wanda ya taɓa su?" Raina ya ɓaci (a zuciyata na ce, wato don daga Afirka na zo). Na ce mata ko ƙuda bai sauka a kansu ba, citta ce ke da mai a jikinta. Ta ɗaga kafaɗa ta ci gaba da aikinta.

Sakamako ya fito. Marasa citta, ga ƙarfe nan tsirara a sama. Masu citta kuwa, ko ƙwaya ɗaya ta ƙarfe na'urar ba ta gani ba, ruf ya rufu. Aka gwada na maganaɗisu, shi ma shiru. Matar ta ce ba ta saba ganin ruwan tsiro ya rufe ƙarfe haka ba, ya kamata a ƙara wani gwaji don a san ko wane irin abu ne ya zauna a kai. Lokacina ya ƙare, kuma gaskiya ba na son jin wata magana bayan wannan. Na ce babu buƙata. Na shiga banɗaki na rufe ƙofa, ni da furfurata, na taka rawa. Rabon da in ji sanyi a raina haka har na manta.

Na dawo ina hura hanci. Na gabatar da sakamakon a sashenmu, ina nuni da sanda, ina cewa "kamar yadda na yi hasashe". Kawuna manomin citta ya baza a kasuwa cewa nan gaba jiragen ruwa da cittarmu za a shafe su. Na ji, ban ƙaryata ba. Mama ta ce dole a yi sujadar godiya, daga coci kuma a wuce gida a ci shinkafa. Ni da bakina na gayyaci Farfesa, na kuma nace. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka.

Ya zo kuwa, tun daga Zariya. Bayan an taso daga coci aka zaunar da shi a babban tebur ƙarƙashin rumfa, tare da abokan aikina biyu na sashen kimiyya. Matan zumuntar coci sun yi anko, ana ta kaɗa tulu da caki, ni kuma ina tsakiya cikin kwat, zufa na bin bayana. Sai mai gabatarwa ya ce uwar Dokta tana da shaida.

"Yabo ga Ubangiji!"

Aka amsa, "Halleluya!"

"Wannan yaro da kuna gani, ya sha wahala. Shekara da shekaru yana karatu, takarda ya ƙi fita. Ni na san aikin Shaiɗan ne. Rana da zai tafi, ya ajiye kwano na shi a tebur, ya tafi aski. Sai na ji a zuciya na, tashi ki buɗe."

Na ajiye cokali.

"Na buɗe, na ga ƙarfe ƙanana ƙanana, kowane a cikin leda na shi. Na ce, kai ƙarfe, ba za ka shiga jirgi babu addu'a ba. Na ɗauko man addu'a na, wanda fasto ya sa ma albarka. Amma na san yaro na ba ya son datti, so na wanke hannu da sabulu sosai. Na shafa ma kowane, kaɗan kaɗan, da babban yatsa. Na goge da sabon hankici domin kada ya gani ya yi faɗa. Na mayar a leda. Yau ga shi, Turawa da kansu sun ce ba su taɓa ganin irin shi ba!"

Guɗa ta tashi. Man addu'ar nan, ga wanda bai sani ba, man zaitun ne zalla. Abin da na ƙetare teku na auna ke nan, na yi wa rawa a banɗaki, na nuna da sanda.

A cikin taron nan duka, mutum huɗu ne muka san an yi mutuwa. Ɗaya daga abokan aikina ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa na rawa. Ɗayan kuma, lemo ya fito masa ta hanci. Farfesa kuwa ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, sannan ya ɗaga hannu cikin ladabi.

"Mama, a gafarce ni. Duka kika shafa wa?"

"Duka, Alhaji! Gaba da baya. Ba na yin aikin Allah rabi da rabi."

Aka sake guɗa. Ni dai na so ƙasa ta tsage in shige, amma ƙasar Kagoro dutse ce. Ina cikin wannan hali mai gabatarwa ya manna mini makirufo, wai Dokta zai mayar da jawabi. Na miƙe, na dubi Farfesa, na dubi Mama tana share hawayen murna da gefen zane. Abin da ya iya fita daga bakina shi ne, "Na gode, Mama." Aka tafa kamar na yi wa'azi.

Na raka Farfesa mota. Sai da ya zauna ya ce, "Malam, mai yana hana tsatsa. Wannan ko a ɗakin girkin gidana an sani."

"Ranka ya daɗe, wallahi ban..."

"Na san ba ka sani ba. Ka gode wa Allah ita ta faɗa, a gidanku, ba mai jarrabawa ba a gaban jama'a. Matar can ba ta ce a ƙara gwaji ba?"

Na ce ta ce.

Sai kawai ya ce wa direba su tafi. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Abin da ya biyo baya gajiya ce tsagwaronta. Farfesa ya je ya roƙa aka ƙara mini wa'adi, da wace fuska ban sani ba. Na koma sashenmu na janye abin da na faɗa, a ɗakin da na yi nuni da sanda. Aka sa mini suna Shafaffe, har masu gadi suka ɗauka. Na aika wa matar can saƙo na faɗa mata gaskiya. Ta amsa a taƙaice: ta yi zargin mai ne tun farko, in aiko da sababbi ta gwada in na'ura ta samu sarari, kuma in gaishe da mahaifiyata. Na koma gidan jiya, yanka, guga, tsomawa, jiran wuta.

Kafin in aika da su na je Kagoro, na ja kujera kusa da Mama, na yi mata bayanin tsakuwa da rufin kwano da na ciyawa. Ban kai ƙarshe ba ta gane. Ta daɗe tana kallon hannunta, sannan ta ce, "Ashe ni na ɓata maka. Me ya sa ba ka faɗa mani ba? Na tambaye ka fa." Duk dariyar da aka yi mini a kwaleji ba ta yi mini zafin wannan ba.

Bayan dogon jira sakamakon gaskiya ya zo. Citta tana rufe ƙarfe, amma tsilli-tsilli, nan ta kama, can ƙarfe na leƙe. Babu abin rawa a ciki, jirgin ruwan kawu ma sai ya nemi fenti. Farfesa ya ce wannan ne zai iya sa wa hannu. Da shi na kare aikina, aka ba ni takardar dokta, ban kuma kafa rumfa ba.

Na kai wa Mama takardar ta gani. Ta juya ta, ta shafa tambarin, sannan ta ce, "Tsaya. Na farko da na biyu, wanne ya fi rufe ƙarfe?"

Na ce, "Na farko, Mama."

"Wanda na yi ma addu'a?"

"Shi."

"Injin Turawa ne ya faɗa?"

"Shi ya faɗa."

Ta ce, "To." Ta miƙa hannu bayan rediyo ta ɗauko kwalbar man addu'ar. Na yi wuf na ɓoye takardar a bayana, sai ta dangwala mini a goshi, ta ce wannan dai ita ta haife shi, babu injin da zai hana ta.

Na tsaya man yana gangaro mini a karan hanci, ni Dokta guda. Yanzu in ɗalibaina suka zo gwaji, ina koya musu safar hannu da hantsaki da leda, sannan in ƙara musu da abin da babu shi a littafi: in tsohuwa ta tambaye ka me ke cikin kwano, ja kujera ka faɗa mata, aski zai jira.