Yadda Baƙin Gashi Ya Hana Ni Shago

Jiya da rana tsaka, a bainar jama'a, wani jami'i da na tabbata na girmi babansa ya dube ni ya ce, "Kai samari, koma baya." Kuma na koma, jama'a. Ni na jawo wa kaina.

Ni mai gyaran fanka ne da rediyo. Tun da aka rushe tsohuwar kasuwarmu aka ce za a gina ta zamani, a ƙofar gida nake aiki a kan benci. Kaji su watsar mini da ƙananan kusoshi, in hadari ya taso ni da yara mu kwashi kayan mutane da gudu. Shekara da shekaru muna wannan zama. Kwanan baya aka gama ginin, har an yi masa fenti sau biyu, wai na farkon bai burge mai girma ba. Sai ga mota da lasifika tana shela cewa za a raba shaguna, kuma matasa za a fara ba, domin gobe tasu ce.

Na ɗauko madubin uwar yara na duba. Furfura ta gama da kai, ta gangaro gemu, tana shirin kama gira. Na ce a raina, da wannan kan ko bakin ƙofa ba za a bar ni in tsaya ba.

Na lallaɓa wurin mai kayan kwalliya, na jira sai da shagon ya yi shiru, sannan na ce rinin gashi nake nema wa wani abokina. Ya ajiye mini kwali biyu. Ɗaya da hoton mace tana murmushi, ɗaya da hoton wani mai gemu ya haɗe rai. Na mai gemun ya fi ƙanƙanta, kuma ya fi tsada. Na ce mene ne bambancinsu?

"Yallaɓai, na maza ai na maza ne," in ji shi.

Irin wannan gamsasshen bayani, ban taɓa jin sa ba sai a bakin manya. Na wuce wurin mai askin unguwarmu, ya yi dariya har ya ajiye almakashi.

"Ni dai a hannuna duk aiki ɗaya suke yi," ya ce. "Bambancin yana wurin masu kan. Mace in ta rina, fitowa take ta ce ku zo ku gani. Namiji sai ya sa na rufe ƙofa, in ya fita kuma ya rantse haka kakansa ya rasu da baƙin gashi."

Tunda haka ne, na ce a gida ma akwai ragowar na uwar yara. Ta zaunar da ni a kujerar tsugunno, ta ɗaura mini tsohon zani a wuya, tana shafawa tana ƙunshe dariya.

"Baban yara, tsaya mana. Allura ake maka?"

"Ki dai bi a hankali, kar ya taɓa kunne."

Ya taɓa kunne, ya taɓa goshi. Amma da aka wanke, wallahi ni kaina sai da na gaida mutumin da na gani a madubi. Na kwana ina tsara inda zan kafa kanta a sabon shago, da inda zan rataye fankoki.

Ranar rabo muka yi ta shan rana har inuwa ta gudu ta bar mu, sannan Mai Girma Bangon Marasa Shago ya iso da jerin motoci, Allah ya ƙara masa tsawon jeri. Wannan bawan Allah, ina ɗan makaranta yana da iyali. Amma da ya ɗaga hula yana gaida jama'a, kan nan baƙi wuluk, yana ƙyalli kamar sabon takalmi. 'Yan kwamitinsa ma haka, babu mai silin fari ko ɗaya. Hankalina ya kwanta, na ce ashe cikin 'yan'uwa na shigo.

Sai mai girma ya karɓi abin magana. Ya ce sun sake nazari mai zurfi, sun ga bai kamata a bar iyaye a rana ba. Saboda haka rukunin farko na dattawa ne, duk mai furfura ya koma dama. Daga baya na ji wai mai ɗaukar hoto ne ya ba da shawara, ya ce hoton tsoho yana karɓar makulli ya fi taɓa zuciya.

Na ruga dama, a nan ne jami'in ya tare ni da maganar samari. Na koma baya kaɗan, sai na tuna bencin ƙofar gida, na dawo na raɗa masa, "Ranka ya daɗe, rini ne."

"Me ka ce?"

"Rini ne! Na matata ne ma!"

Layi ya kwashe da dariya. Jami'in ya saci kallon kan mai girma, ya matso kusa da ni ya rage murya. "Malam, in kana son ka koma gida lafiya, kar ka sake ambaton rini a wurin nan."

Yawancin makullan, wasu masu manyan riguna da ban taɓa gani a kasuwa ba suka karɓa ta bayan rumfa. 'Yan kaɗan da suka rage aka ba masu furfura a gaban kyamara. Cikinsu har da tela maƙwabcina, wanda na girma nesa ba kusa ba, shi dai furfurar gado ce ta yi masa rana. Ya zo da makullinsa a hannu, kunya ta hana shi kallona.

"Yaya, ka yi haƙuri. In ka ga dama ka riƙa ajiye fankokinka a lungun nawa."

Na yi masa murna, kuma har zuciyata. Amma ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi mini ciwo. Furfurar da na tara a cikin jiran shagon nan, ita ce kaɗai takardar da aka nema, ni kuwa na goge ta da hannuna. Na dawo gida na zauna a bencina, ban iya kama ko fanka ɗaya ba.

Kafin a watse dai an yi alkawarin rukuni na biyu, na matasa zalla, nan ba da jimawa ba. Da uwar yara ta ji haka, sai ta ce ko ta sayo wani kwalin a ci gaba da shafawa, kar ranar ta zo ta same ni da fari?

Na ce ta bar shi kawai. Na san "ba da jimawa ba" ɗin manyanmu. Kafin ranar ta iso, babu gashin da za a rina.