Rasuwar 'Yar Toka, Kwamfutar da Aka Hana Wa Magani

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda fiye da rabinsa takaici ne, Malama Hamdiyya Ɗangiwa ta garin Kebbe ke sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da makiyayan Fakku da na Jabo, rasuwar kwamfutarta ta tafi-da-gidanka, wadda aka fi sani da 'Yar Toka. Marigayiyar ta cika ne a Tambuwal, da rana tsaka, a kan bencin shagon cajin Mu'awiya, bayan doguwar jinya. Tun ranar da ta kwanta an san maganin ciwon, an san inda yake, an kuma san mutumin da ya zauna a kansa.

Ga wanda bai san gidan ba, Hamdiyya ma'aikaciyar lafiyar dabbobi ce, tana yi wa wata ƙungiya da ke Abuja aiki daga nan gida. Ba za a ambaci sunan ƙungiyar ba, ranar makoki ce, ba a son ɓata baki. Aikinta shi ne ta shiga rugage ta duba shanu, ta ɗauki hoton marasa lafiya, ta aika wa likitan ƙungiya ta kwamfuta. Idan likita ya gani ya amince, sai a saki allurar rigakafi daga Sakkwato. In ba ta kwamfutar rahoto ya bi ba, babu allura. Haka masu hikima suka tsara.

Marigayiya ta zo Kebbe sabuwa dal, launin toka, cikin kwali. Ta yi zama na mutunci. Kowace safiya idan aka buɗe ta sai ta gaida gida da "tin-lin", ba ta taɓa tashi da fushi ba. In aiki ya yi mata yawa a zafin bazara, iyakarta ta ja dogon numfashi ta fanka, "fuuuu", ta ci gaba. Ta sha hanyar Fakku a kan babur, naɗe cikin tsohon zane, ramuka na jijjiga ta kamar tsaba a matankaɗi. Wata damina ta faɗa taɓo tare da uwar ɗakinta, aka goge ta da gefen mayafi, ta buɗe ido ta ce "tin-lin" kamar ba a yi komai ba. Wani maraƙi ya taɓa lasar fuskarta, ba ta riƙe shi a rai ba. Harafin "a" da ke jikinta ya goge saboda dannawa, ba ta taɓa neman a sake mata wani ba. A duk dangi, ita kaɗai ce ba ta taɓa tambayar Hamdiyya abin da mace ke nema a cikin shanu ba.

Ciwon ajali ya fara ne da ɗan rubutu a gefen fuskarta. Cikin ladabi ta nemi a sabunta mata manhajar da ke tafiyar da ita, abin nan da 'yan boko ke ce wa afdet. Hamdiyya ta danna inda aka ce a danna. Sai ga wani akwati ya fito yana tambayar kalmar sirri ta admin, wato mai riƙe da makullin kwamfutocin ƙungiya duka. Ashe ita da ke ɗawainiya da marigayiya, ta yi mata caji da hasken rana, ta kare ta daga ruwa da tururuwa, ba ta isa ta ba ta magani ba. An yarda da ita ta soka wa bijimi allura a wuya. Maɓalli ne dai aka ga ya fi ƙarfin hankalinta.

Mai makullin nan shi ne Injiniya Atiku, wanda ke zaune a ofis mai sanyi a Abuja, mutumin da bai taɓa taka Kebbe ba, kuma har yau da "i" yake ƙarasa rubuta sunan garin. Hamdiyya ta kira shi.

"Ranka ya daɗe, kwamfutag ga tana biɗar afdet, ta ce sai da kalmar sirri."

"Madam, ba a ba ma'aikatan fili wannan damar. Tsari ne. Ki buɗe tikiti."

"To ka hwaɗa mini kalmar, in sa, ka sake wata bayan nan."

Sai ya yi 'yar dariyar nan ta wanda ƙauye ya ba shi mamaki. "Idan kowa ya riƙe kalmar, ai ta tashi daga sirri. Ki leƙa Birnin Kebbi, muna da mutum a can, ba nisa."

Ta yi masa bayani cewa Kebbe daban, Kebbi daban, ko jihar ba ɗaya ba ce. Ya ce zai duba. Ta buɗe tikitin, wato ta shigar da koke a rubuce. Aka amsa mata cewa an karɓi kokenta kuma yana da matuƙar muhimmanci. Daga baya aka rufe shi, da dalilin cewa ya daɗe a buɗe.

Marigayiya ta yi haƙuri irin na mutanen da. Kullum sai ta tuna wa uwar ɗakinta da ɗan sautin nan, "ɗin", kullum Hamdiyya ta danna "sai an jima", don shi kaɗai ne maɓallin da aka amince mata ta taɓa. Afdet ya hau kan afdet. Tafiya ta fara yi wa marigayiya nauyi, buɗe hoto ɗaya sai an kai ga dama fura. Batir ma ya kumbura, har ya ɗaga mata ciki. Shi ma an sanar da Injiniya, ya ce a buɗe tikiti na dabam, don ba a haɗa ciwo biyu a tikiti ɗaya. Wani lokaci ya gwada shiga cikinta daga Abuja, sabis ɗin Kebbe ya yanke, sai ya rubuta a rahotonsa cewa ma'aikaciya ba ta ba da haɗin kai ba.

Ana cikin haka ciwon huhu ya shiga garken Baffa Ladan na Fakku, ƙanen mahaifin Hamdiyya. Ta je ta same su suna tari, wuya a miƙe, hanci na zuba. Ta san abin da ta gani. Ta sa aka ware marasa lafiya, ta ɗauki hotuna, ta dawo gida a guje don ta aika kafin ciwon ya kama sauran. Da ta buɗe marigayiya, sai ƙofar shafin ƙungiya ta ƙi buɗuwa. Rubutu ya fito ja: wannan kwamfuta ta tsufa da afdet, an hana ta shiga saboda tsaro. Ƙungiyar da ta hana a ba ta magani, ita ce ta kore ta a bakin ƙofa don ba ta da lafiya. Hamdiyya ta tura hotunan ta waya. Aka ce an gani, an kuma tausaya, amma ba a sakin allura sai rahoto ya biyo hanyar da aka tanada.

Washegari Baffa Ladan ya iso da kansa, ya tsuguna a zaure, sandarsa a kan gwiwa.

"Ɗiyata, shanun ga masu tari ƙara yawa su kai. Mi akwatin naki yac ce?"

"Baffa, izini shika jira."

"Izinin wa?"

"Na wani mutum, can Habuja."

Tsohon ya murza gemu. "Shi mutumen ga, shanu garai?"

"Ko kaza ban tsammani, Baffa."

"To Allah shi kyauta," in ji shi, ya miƙe. Bai ɗaga murya ba, bai zarge ta ba. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

Ta yi ta kiran Injiniya har ya gaji ya ɗauka. Ya ce ta nemi wuri mai sabis mai ƙarfi da wuta tsayayya, zai shiga da kansa ya yi. Mijinta, Malam Abdulganiyyu, ya bar gonarsa ana tsaka da girbin dawa, ya ɗora ta a babur, marigayiya a tsakaninsu cikin zanenta. Suka bi hanyar da duk mutumin Kebbe ya sani, har Tambuwal, shagon Mu'awiya mai cajin waya. Mu'awiya ya share benci, ya ba ta soket mafi kyau, ya tada janareto. Aka kira Injiniya, aka ce yana mitin. Aka sake kira, aka ce mitin ɗin ya haifi wani. Janareto na ta ci, rana na ta tafiya.

Da ya samu sukuni, aikin bai ɗauke shi lokacin shan kofin shayi ba. Hamdiyya na kallo, 'yar kibiyar nan ta motsa da kanta a fuskar marigayiya, wasu ɗigo-ɗigo suka jeru a akwatin, ƙofa ta buɗe. Abin da aka yi watanni ana roƙo ke nan.

"Shi ke nan, Madam. Kada ki kashe ta. Ni zan fita cin abinci."

Duk magungunan da aka tara mata tun farkon ciwo aka ɗura wa marigayiya lokaci guda. Ta karɓa. Fankarta ta yi kukan da ba a taɓa ji ba, jikinta ya yi zafi har Abdulganiyyu ya cire hula yana yi mata fifita. Ƙwallon nan na fuskarta, mai cewa a jira, yana ta juyawa. Aikin bai kai rabi ba janareton Mu'awiya, wanda ya ƙone mansa wajen jiran mitin, ya yi tari ya mutu. Mu'awiya ya ruga da galan. Batir mai kumburi ya riƙe iya ƙarfinsa, wanda ba shi da yawa. Hamdiyya ta dafa marigayiya da tafin hannu biyu, kamar hakan zai tsayar da wani abu. Sai aka ji "ƙit". Fuska ta yi baƙi.

Da wuta ta dawo an yi ƙoƙari. Ta buɗe ido sau ɗaya, shuɗi, ta nemi wata doguwar lamba ta ceto. Injiniya ya karanto lambar yana taunar abu. Ba ta yi ba. Ya sake karantowa, ba ta yi ba. Daga baya ya gano cewa ta wata kwamfuta ce da ke can wata jiha, ita kuwa ta marigayiya, ya ce da alama ba a taɓa adana ta ba. Bai faɗi wanda ya kamata ya adana ba, kuma ladabi ya hana a tambaya. Marigayiya ta tafi da hotunan garkuna na shekaru, da muryoyin tsofaffin makiyaya da Hamdiyya ta ɗauka suna bayanin cututtukan shanu da sunayensu na Fulatanci. Biyu daga cikin tsofaffin nan ba sa duniya.

Allura ta iso Fakku daga baya, bayan likita ya gaji da jira ya taka tsarin da ƙafarsa. Ta ceci abin da ya rage. Ba ta tarar da saniyar da ake tatsa wa marayun jikokin Baffa Ladan ba, ba ta kuma tarar da bijiman noma biyu na maƙwabcinsa ba. Ranar da aka ja gawar saniyar bayan ruga, Hamdiyya na tsaye, ta kasa haɗa ido da kowa.

Iyalai na miƙa godiya ga ƙungiya bisa saƙon ta'aziyyar da ta aiko, wanda a cikinsa ta nemi Hamdiyya ta yi bayanin dalilin da ya sa ta yi sakaci da sabunta kayan aiki. Suna kuma taya Injiniya Atiku murna. An ji cewa bayan rasuwar ya tsaya gaban manya ya gabatar da sabon tsari: daga yanzu ma'aikacin da ke nesa zai iya danna afdet da yatsansa, ba tare da an ba shi makullin komai ba. An ce wani ɗan gurbi ne kawai ya latsa a kwamfutarsa, gurbin da ke gabansa tun kafin marigayiya ta fara tari. An tafa masa. An ce har hotonsa aka sa a mujallar ofis, yana murmushi, ya harɗe hannuwa.

Marigayiya ta rasu ta bar caja ɗaya, mai ɗaurin salatif a wuya. Ta bar linzamin kwamfuta mai waya, wanda tun ranar yake kwance a kan tabarma ba mai motsa shi. Ta bar faifan sola a kan rufi, yana tara wutar da babu mai sha, da jaka baƙa wadda zif ɗinta ya riga ta tafiya. Ta bar uwar ɗakinta, wadda har yanzu in ta idar da sallar asuba hannunta kan kai wurin da take ajiye ta.

Game da jana'iza, an tuntuɓi liman, ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, amma ba laifi a yi wa masu shi addu'ar haƙuri. Hamdiyya ta so a bar mata gawar ta ajiye a ɗaki. Ƙungiya ta ce kayanta ne, a maido mata har da caja. Don haka za a naɗe marigayiya a zanenta, a sa ta a kwali, a ɗauke ta daga gidan Malam Abdulganiyyu da ke Kebbe ranar kasuwa da hantsi, a kai ta tashar Tambuwal, a damƙa wa direban Abuja. Masu babur da ke son rakiya su taru a ƙofar gida. Ana roƙon a tafi a hankali wajen ramuka, ta sha su da rai, ya isa.

Za a zauna karɓar gaisuwa a Kebbe, amma Hamdiyya ta ce duk mai niyya ya fara wucewa Fakku, can ne aka yi babban rashi. Injiniya Atiku ya aiko cewa yana so ya zo da kansa ya yi ta'aziyya, ya nemi a kwatanta masa gida. An kwatanta masa. An ji ya sayi tikitin jirgi zuwa Birnin Kebbi, kuma iyalai sun yanke shawarar kada kowa ya gyara masa.