Barewar da Kaka Arvo Bai Kaɗe Ba

Linnea ta fara jin sunan kakanta ne daga bakin kakarta Helmi, wata safiya da ya yi baya da mota ya tattake mata furanni. Helmi ta leƙo ta taga ta ƙwala ihu, "Arvo!" Har Linnea ta shiga makaranta tana zaton zagi ne da ake yi wa duk wanda ya yi ɓarna da mota.

Yanzu Helmi ta rasu, Linnea ta girma tana aiki a kantin magani na garinsu a arewacin jihar Minnesota ta Amurka. Ita aka aika ta dubo tsohon, domin jiya da rana a-kori-kurarsa ta sulale a kan ƙanƙara ta faɗa ramin gefen hanya. Uwar Linnea ta riga ta yanke hukunci: in 'yan inshora suka ce laifinsa ne suka ƙara masa kuɗi, to shi da makullin mota sai kallo.

Ta same shi a gareji, ya durƙusa gaban motar, ya ba ta baya.

"Sannu da aiki, direban rami! Yaya jiki?"

"Jiki garau. Rufe ƙofar nan, ja'ira, kin shigo mini da sanyi. Uwarki ce ta turo ki leƙen asiri?"

"Burodin kirfa na kawo maka. Me kake ɓoyewa a gabanka?"

"Hannuna."

"Hannunka ne ke warin gam?"

Ta zagaya ta leƙa. Ga kwalbar gam, ga almakashi, ga tsohuwar fatar barewar nan da ke rataye a bangon falo tun kafin a haife ta. An yi wa fatar aski ta gefe guda, gashin kuma yana manne a jikin bambar motar, tuttu-tuttu kamar gemun da aka shuka.

"Kaka! Motar ce ta fara tsufa har ta fitar da furfura?"

"Shaida ce wannan. Barewa na kaɗe. Matar inshora ta ce in aika mata hoto yau."

"Barewar da ka kaɗe jiya ita ce ta shekara talatin a bango?"

"Danginta ce. Duk gashinsu ɗaya."

"Har da warin hayaƙin murhu?"

"Mai shan taba ce."

Linnea ta ajiye burodin a kan motar don kada dariya ta sa ta yar da shi. Tsohon ya miƙe da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara.

"Ke yarinya ce, ba ki san mutanen nan ba. In ka kaɗe barewa, sai su ce tsautsayi ne, su gyara maka mota, ba ruwanka. In ka kauce mata ka faɗa rami kai kaɗai, sai su ce kai ne ba ka iya tuƙi ba, su ɗora maka kuɗi. Wato mai tausayi shi ke biya. Wannan adalci ne?"

"Au, ashe kauce mata ka yi."

"Ban ce ba!"

"Yanzu ka faɗa."

"Misali na ba ki, uwar gaskiya. Ƙatuwa ce, in gaya miki, ta kai doki. Ƙahonta ya fi faɗin ƙofar nan. Na daka mata mota, ta tashi sama, ban ga saukarta ba."

"Shi ya sa mai motar janwe ya ce bai ga ko ɗigon jini ba. Ya ce sawu kawai ya gani, ta tsallaka hanya tana tafiyarta a hankali kamar mai zuwa coci."

"Wannan makaho ne. Ke kuma da kike mini ba'a, wa ya kaɗe kwandon shara ranar gwajin lasin tuƙi?"

"Kwandon ne ya shigo gabana. Ƙato ne, ya kai doki."

"Mara kunya! Da hannun nan na koya miki riƙe sitiyari, kina kuka majina har haɓa."

"Ina tune. A kan tafki ka koya mini, bayan ya daskare. Me ka ce in yi in barewa ta faɗo gabana?"

Arvo ya ɗauki almakashi yana dubawa kamar yau ya fara ganinsa.

"Na manta."

"Ni ban manta ba. Ka ce, taka birki, riƙe sitiyari sosai, kada ki kauce ko da shugaban barewayi ne. Duk jikokinka sai da ka sa muka haddace. To kai da ka yi shekara hamsin kana farauta, me ya sa ka kauce?"

"Rana ce ta haske mini ido."

"Jiya ko rana ba a gani ba."

"Atishawa na yi."

"Kaka."

Ya gutsuri burodin, ya tauna, ya dubi tagar da ke kallon bayan gida, inda bishiyar tuffa da Helmi ta shuka take tsaye ba ganye.

"Mai yagaggen kunnen nan ce," in ji shi ƙasa-ƙasa. "Wadda ke zuwa tonon tuffa a ƙarƙashin ƙanƙara. Kakarki kullum tana korarta da tsintsiya, in ta ga ba na kallo kuma ta watsa mata ɓawo. Ta tsaya tsakiyar hanya ta zuba mini ido, irin kallon da Helmi ke mini in na shigo da takalmi cikin falo. Hannuna ne ya juya da kansa."

Linnea ta dubi bishiyar, ta juyo gare shi.

"To ka ga, ko barewar gidan nan ta fi ka iko."

"Duk matan gidan nan sun fi ni iko, har masu ƙafa huɗu. Yanzu dai riƙe wayar nan ki ɗauki hoto, hannuna duk gam ne."

"Ba zan ɗauka ba. In suka gane, ba ƙarin kuɗi kaɗai ba, korarka za su yi gaba ɗaya. Kuma ka san ni, duk labarin gidan nan a kaina yake. Jikokina za su ji cewa kakan-kakansu ya yi wa bango aski."

"Zan cire ki daga gado!"

"Me ke cikin gadon? Fata mai sanƙo?"

Dariya ta ƙwace masa har ya dafa motar, gam ya kama masa hannun riga. Da ya gama tari sai ya ce, "In na faɗi gaskiya, uwarki za ta zo da fuskar nan tata ta miƙo hannu. Ni da na canja mata ƙunzugu. Daga nan wa zai kai ni kamun kifi ranar Asabar? Wa zai kai ni shan kofi wurin tsofaffin banzan nan?"

"Ba sai ta zo ba." Linnea ta miƙa nata hannun.

Ya dubi tafin hannun, ya dube ta. A fuskarsa ta ga ya tuna.

"Kai, yarinyar nan ba ta mantuwa. Allah ya haɗa ki da miji mai yawan alkawari." Ya laluba aljihu ya ciro makullin ya dangwara mata. "Asabar da sassafe. In kika makara na kai ƙararki wurin barewa. Kira mini matar inshorar in faɗa mata gaskiya, ki kawo ruwan zafi mu yi wa motar nan aski."

Linnea ta damƙe makullin, da sauran ɗumin aljihunsa a jiki. A kan tafkin nan ne, ranar da ta fara tuƙi ba tare da mota ta mutu mata ba, ya kashe injin ya juyo ya ce mata, "Linnea, duk ranar da kika ji na kauce wa barewa, tuƙina ya ƙare. Ki zo da kanki ki karɓi makullin. Kada ki bari uwarki ta riga ki, ita ba za ta yi mini dariya ba."