Motata Ta Samu Ƙwaƙwalwar Manya

Jama'a, ku taya ni murna, motata ta zama babbar ma'aikaciya. Ranar Litinin ta mutu a kan hanyar Elig-Edzoa da rabin sa a bayanta, babu ko ɗigon mai a tanki, amma allurar mai tana tsaye cak a kan cikakke. Na fita na zura kara a tanki, karan ya fito a bushe ƙayau. Na koma na dubi allura. Ita ma ta dube ni. Ko kunya ba ta ji ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Ilyas mai ɗaukar nama. Tun gemuna yana baƙi nake ɗauko nama daga mayankar Etoudi in kawo wa masu soya, wato 'yan tsire, na unguwar Briketeri. Babban mai ba ni aiki shi ne Lado, tsaran yarintata, mutumin da wuƙarsa da bakinsa kaifinsu ɗaya. Kafin wannan Litinin ɗin ya ce mini in na ƙara makara da namansa, 'yan bensikin zai ba aikin, su a kan babur ko ta cikin kwata suna wucewa. Ni kuwa da wannan ɗaukar naman ake ɗora tukunya a gidana.

Ruwan sama ne ya fara ja mini. Ya shiga tablo, allon nan na gaban direba, allurai duk suka kwanta. Na kai ta unguwar Madagascar wurin Najib mai gyaran wutar mota. Ya kwance allon, ya ciro wani ɗan baƙin abu mai ƙafa takwas, bai kai ƙwayar wake ba.

"Kawu, ƙwaƙwalwar ce ta sha ruwa. Duk abin da mota ta sani game da kanta a nan yake. Tafiyar da ta yi, inda allura za ta tsaya, fitilar da za ta kama."

"Wannan ƙwaron?"

"Shi fa. Ta manta komai. Sai dai in kwafo mata karatu daga wata 'yar'uwarta."

A garejin nan mota ɗaya ce mai irin allona. Motar aiki ce ta wani Ranka-ya-daɗe, Mai Girma Uban Zama-a-inuwa, shugaban wani ofis mai dogon suna wanda kafin ka gama karanta allon ƙofarsa an tashi aiki. Najib ya maƙala ɗan matsi a ƙwaƙwalwar tasu, ya zuƙe karatun cikin kwamfuta, ya ɗura wa tawa.

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa jin daɗin tuƙi irinsu ba. Jar fitilar da ta shekara tana harara ta ta ɓace. Inji ba ya zafi. Mai ba ya raguwa. Na ce wa uwargida Saliha albarka ta sauka a gidanmu, ta ƙara kifi a miya. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin albarkar da ke shiga ta tanki ba.

To ranar Litinin ɗin, ina tsaye a bakin titi, ƙudaje sun fara aiko wakilai, na buga wa Najib waya.

"Wayyo Kawu, na manta in gaya maka! Mai motar nan ba ya son mugun labari. Shi ya sa na kashe masa duk jar fitila, na ɗaure allura a sama."

"To yaya yake sanin mai ya ƙare?"

"Ba ya sani. Akwai wata mota a bayansa da jarkoki. In tasa ta tsaya, sai a ce masa an tsaya ne don talakawa su gaishe shi. Yana ɗaga hannu, ana ɗura mai ta baya."

Kai, manya sun iya zaman duniya! Mu da ba mu yi nisa a boko ba, in abu ya lalace sai mu tsaya wahalar gyara. Su kuwa sai su gyara mai kawo labarin. Ashe haka aka yi da famfon unguwarmu da ya gaji da tari ya yi shiru, alhali a rediyo ruwa har ambaliya yake. Ramin da ke gaban gidana ma, wanda akuyar maƙwabcina ta faɗa aka ciro ta da igiya, na ji an ce an cike shi har an yi bikin cikewa. Ni ne dai ban samu ƙwaƙwalwar da zan gani ba.

Wasu bayin Allah suka taya ni turi har gidan mai. Layi kuwa ya miƙe ya sha kwana, ya wuce wani coci, ya sake shan kwana. Mutane sun shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motoci. Wani ya kira wanzami ana yi masa aski. Na yi ta turawa taku-taku, rana tana dukan naman Lado, wayata tana ruri a aljihu ina yi mata kunnen ƙashi.

Da na iso bakin famfo, yarinyar da ke sayar da mai ta leƙa ta taga.

"Papa, murɗa makulli in gani. An ce kada mu ba mai cikakken tanki, ɓoyewa suke yi."

Na murɗa. Allura ta miƙe tsam ta haye sama.

"Plen ne, Papa, tanki a cike! Ba ka jin tsoron Allah? Da furfurarka?"

"'Yata, turo ta na yi tun daga can. Dubi rigata."

"Dabara ce, mun saba gani."

Na nuna mata busasshen kara. Ta ce ita ba a ba ta umarnin duba kara ba, allura aka ce.

Ana cikin haka sai ga wani mai kwat, an riƙe masa lema, wai daga Kwamitin Tabbatar da Cewa Babu Matsala. Ya ji hayaniya ya matso. Ya leƙa allona, fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir da haihuwa. Ya kama hannuna da hannu biyu.

"Ga ɗan ƙasa nagari! Ku duba, tsohuwar motar talaka, amma tanki a cike. Ina masu cewa ana ƙarancin mai?"

"Ranka ya daɗe, to wannan layin fa?"

"Son hira ne. Mutanenmu akwai zumunci."

Ya ɗauki hoton allurar, ya ɗauki nawa, ya ce a ture ni gefe in ba mabuƙata wuri. Ba a jima ba yarinyar ta rataye tiyo, ta ce mai ya ƙare.

A gefen nan Lado ya same ni bayan la'asar. A kan bensikin ya zo, don in gane da kyau. Bai yi sallama ba, ya ɗaga ledar da na rufe naman, ya sansana, ya daɗe yana sansanawa.

"Ilyas, tsohon banza, naman nan ba zai kai Briketeri da mutuncinsa ba. Kai ma haka."

"Lado, allura ce ta cuce ni."

"Allura ce za ta ciyar da kai daga gobe."

Ya juya zai tafi, sai idonsa ya faɗa kan layin. Mutane ɗari-ɗari, tun safe ba wanda ya sa komai a ciki, kuma ba mai iya matsawa don kada a ci masa wuri. Na ga leɓensa yana motsi. Ya tura mai babur ya kwaso gawayi, wayar gashin nama, yaji da albasa. A kan murfin motata ya fara yanka.

Mai gadin gidan ya taho a guje. "Wuta a gidan mai? Kun haukace?"

Lado bai ko ɗaga kai ba. "Wane mai?"

Mai gadi ya tsaya ya yi tunani, ya ce a sa masa marar kitse.

Kafin magariba rabin sa ya ƙare tas, har da ƙashin da aka sayar wa wata mata don miya. Lado ya goge wuƙa a cinyarsa, ya dube ni.

"Aikinka na nan. Amma da sharaɗi. Kullum a layi za ka mutu. In wannan ya watse, ka nemi wani ka mutu a can."

Haka muke yi yanzu. Na san gidajen man da ke da layi mai nauyin aljihu, na san na 'yan taksi masu cin bashi. Ina zuwa in tsaya, a leƙa allura a kore ni gefe, Lado ya hura wuta.

Jiya Najib ya kira ni yana murna, wai ya samo mini ƙwaƙwalwa mai faɗin gaskiya daga motar wani limami. Na ce Allah ya yi masa albarka, ya ajiye ta wuri mai kyau. Ina da iyali.