Tozon da Na Ci a Kekun Waje

Ko na so, ba zan taɓa mantawa da sallar La'asar ɗin da na ja a Kekun Waje ba.

Ni mutumin Tsafe ne, tsohon ɗan kasuwar hatsi, kuma Allah ya yi ni da jiki. Da gwiwoyina suka fara ƙin ɗaukata, suga kuma ya hau, ɗana ya kai ni asibiti a Gusau. Likitar, sa'ar 'yata ce, ta rubuta mini maganin rage ƙiba. Ta ce, "Baba, maganin nan hana maiƙo zama a jiki yake yi. Duk maiƙon da ka ci sai ya nemi hanyar fita, kuma ba ya neman izini. Ƙwaya ɗaya da abinci, ka guji kitse." Na ce to. (Na ji ta sarai. Kunya ce ta hana ni tambayar wace hanya take nufi.)

Ban gaya wa kowa ba sai matata, Hajiya Balaraba. A ganina rage ƙiba sha'anin mata ne, mai furfura ba ya faɗinsa a majalisa.

Ana nan auren Sanusi ya taso, ɗan ƙanena marigayi. Ni ne wakilinsa, kuma da ni surukai za su auna gidan da ya fito. Saboda halin da hanya take ciki, tun ana gobe muka tafi Kekun Waje, garin amarya. Alhaji Mudi, uban amarya, ya yanka bijimi. Da aka kawo abinci, da hannunsa ya ajiye gasasshen tozo a gabana, yana ƙyalli.

"Alhaji, wanga naka na. Ba mu ba kowa tozo sai uban ango."

Na ce na ƙoshi.

"Ashe namanmu bai kai na Tsafe ba," in ji shi, yana kallon jama'a.

Da na yi magana ɗaya a kan maganin, da ta fitar da ni. Ban yi ta ba. Na cinye tozon tas, na faki ido na haɗiye ƙwaya biyu maimakon ɗaya. (Lissafin ɗan kasuwa na yi, wai tunda kaya sun ƙaru sai a ƙara buhu.) Da safe aka kawo waina tana ninƙaya a man shanu, na maimaita wautar.

Bayan Azahar aka ɗaura aure lafiya. La'asar ta yi, liman ya wuce wani ɗaurin auren, sai aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida aka tura ni gaba. Na shige gaba sanye da farar shadda, har da gyaran murya.

A ruku'un raka'a ta biyu na gane hanyar da likita take nufi. Babu ciwo, babu ƙara, ɗumi kawai na ji. Alwala ta tafi. Zuciya ta ce in daure in ƙarasa, amma sallar mutane tana wuyana. Na tuna abin da malaminmu ya koya mana: liman ya jawo na bayansa, ya riƙe hanci kamar mai haɓo, ya fita. Na miƙa hannu baya na jawo mutum, ashe Alhaji Mudi ne. Na toshe hanci na bi gefen sahu. Sai dai shaidar ba a hanci take ba. Tana bayan rigata, ja kamar manja.

Babu wanda ya yi dariya. Da ma sun yi.

Bayan sallama Alhaji Mudi ya same ni a bayan katanga, da buta da rigarsa a hannu.

"Alhaji, ciwo na?"

Na gaya masa komai. Ya miƙo mini butar da rigar.

"Da ka faɗi, ai tuwon dawa da miyar kuka za mu ba ka. Mu girma munka so yi maka."

A mota Sanusi bai iya haɗa ido da ni ba har Tsafe. Yau yana da 'ya'ya, amma in ya je gidan surukansa, abokan wasa "ɗan mai haɓo" suke ce masa. Maraya ne, ni aka aika in ɗaga masa kai. Ni kuma tun ranar ban sake tsayawa gaban sahu ba.

Hajiya ce ta mayar da ni wurin likita, ita ta ba da labarin ina kallon ƙasa. Yanzu ƙwaya ɗaya nake sha, kuma duk inda aka ajiye mini kwano, kafin bisimilla nake cewa, "Ina shan maganin rage ƙiba, a cire mini kitse." Akan yi dariya. Na gane wannan dariyar ita ce mai sauƙi, ita na guje wa, na faɗa cikin shirun ranar nan.

Da na mayar, Alhaji Mudi ya ƙi karɓar rigarsa. Ranar da ya ba ni ita, da ƙyar ta rufe cikina. Yanzu ta yi mini daidai, amma ban taɓa iya sa ta na fita ba.